Kwana Uku a Kwallar Gwaggo

Ranar da Ma'u ta fara ganin Jalaluddeen, makirfo ne a hannunsa yana zagaya ɗakin taro da shi a Kazaure. Taro ne na gwamnati da ƙungiyoyin sa-kai da mutanen kamfanonin sadarwa, wai za a haɗa kai a kare haƙƙin jama'a a intanet. Ita ƙungiyar matan Babura ce ta turo ta. Shi kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin yaɗa labarai, aikinsa a ranar miƙa makirfo da rubuta abin da aka ce.

Sau uku tana ɗaga hannu shugaban taro yana kau da kai. A na huɗu Jalal bai jira umarnin kowa ba, ya miƙa mata.

"Ranku ya daɗe," ta ce, muryarta na rawa, "in wani ya buɗe shafi da sunan yarinya da hotonta yana rubuta batsa, wurin wa za ta kai kuka?"

Jami'in gwamnati ya nuna mutumin kamfani. Mutumin kamfani ya ce su layi kawai suke sayarwa, masu shafin suna ƙasar waje. Wata hajiya daga ƙungiyoyi ta ce gaskiya tambaya ce mai muhimmanci. Aka kafa kwamiti, aka yi tafi, aka raba shinkafa a robobi.

A bakin ƙofa ya tare ta.

"Malama, na rubuta tambayarki yadda kika yi ta. Yarinyar ƙanwarki ce?"

"Ni ce."

Ta jira irin kallon da ta saba gani, daga sama har ƙasa. Bai yi mata shi ba. Cewa ya yi, "Allah ya isar miki." Wata takwas ke nan tana cikin wannan bala'i, kowa tambayarsa me ya kai hotonta waya, sai yau wani ya yi mata addu'a. Tun daga Kazaure har motar ta sauke ta a Babura, kalmar nan take juyawa a ranta.

Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne. Unguwarsu sai a yi mako ba a ga wuta ba, kowa shagon caji yake kai wayarsa ya bari. Daudu mai shagon ya taɓa cewa yana sonta, ta ba shi haƙuri. Ba a yi wata ba hoton da ta ɗauka da sallah, wanda ba ta taɓa tura wa kowa ba, ya bayyana a shafin. Ta san wanda ya yi, amma ba ta da shaida.

Saƙon Jalal na farko sai da ya yi yini kafin ya shigo, don wayoyin Babura kan tsallaka su kama sabis ɗin Nijar.

"Mai tambayata, na kai tambayarki a rubuce hannun sakataren kwamiti. Ya ce za su zauna bayan sallah. Ki kwantar da hankalinki, yanzu mu biyu ne."

Ta karanta ya fi sau goma, sannan ta rubuta:

"Malam Makirfo, na gode. Allah ya sa su zauna. Ka ci abinci kuwa?"

Duk Juma'a bayan la'asar sai ga shi a babur, su zauna a zaure.

"Ma'una, kin san ranar nan hannuna ya fi muryarki rawa?"

"Kai dai ka iya zance."

"Wallahi. Na ce yarinyar da ta tsayar da manya haka, gidanmu ya kamata ta zo."

Ya tara abokansa wajen arba'in suka kai ƙarar shafin ta waya. Amsa ta zo da Turanci: an duba, ba a ga abin da ya saɓa doka ba. Ina za su gani, batsar da Hausa aka rubuta ta?

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa Alhaji Ashiru ya turo ƙanensa, Baba Sama'ilu, ya yi bincike kamar yadda aka saba. Liman ya yabi gidan, maƙwabta suka yabi yarinyar. Har ya kama hanyar tasha sai cajinsa ya ƙare, aka nuna masa shagon Daudu. A can aka ba shi kujera, aka ba shi ruwan sanyi, aka buɗe masa shafin.

Daga ranar Jalal ya yi shiru. Ma'u ta kira har ta gaji. A kwana na biyar ta rubuta:

"Na zaci kai kaɗai ne ka yarda da ni. In ka fasa ka faɗa mini, na saba."

Ba amsa. Ta daina cin abinci, ta zama sai ido. Ba rashinsa kaɗai ke cin ta ba, har da sanin cewa duk wanda ya zo bayansa ta ƙofar shagon nan zai wuce.

Kwana takwas sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, riƙe da kwalla a ɗaure da ɗankwali.

"Ke ce Ma'un? Ni ce Shatu, yayar ubansa, daga Roni. Uban ya ce in ya sake kiranki bai yafe ba. Shi ne yaron ya zo ya tare mini a ƙofar ɗaki yana kuka kamar ba namiji ba. Kawo wayar."

Gwaggo ta jefa wayar a kwalla, ta rufe, ta ƙulle, ta ajiye a kan gadonta. Kwana uku ta yi a gidan, ko tsakar gida Ma'u ta fita tana biye da ita. Can Kazaure kuma an sa Baba Sama'ilu ya sa ido a shafin, a ga ko zai daina rubutu tunda wayarta na kulle. Rana ta biyu shafin ya rubuta ƙazantarsa. Rana ta uku ya ƙara. Abin da kwamiti ya kasa a wata shida, tsohuwar da ba ta iya karatun boko ba ta gama shi da kwalla.

Jalal ne ya kawo hukuncin da kansa, ya rame shi ma.

"Abba ya yarda ba ke ba ce. Amma ya ce ba zai bi gari gida-gida yana bayani ba. Sai kin ajiye babbar waya, kin bar ƙungiya."

Ma'u ta dubi wayarta. Mata talatin take koya wa yadda ake kulle waya kafin a kai caji. Ita ce ta miƙe a gaban manya. Yanzu mai laifi yana shagonsa, ita za a raba da waya.

"Kwamitin fa?"

Ya sunkuyar da kai. "An sake ɗage zaman."

"To shafin?"

"Ma'una, in kin ce a'a ba zan ga laifinki ba. Amma ni ba ni da wata."

Hawaye ya zubo mata. "Ka gaya wa Abba na amince."

An ɗaura aure a Babura ranar Asabar da hantsi. Abu ɗaya amarya ta roƙa: kada a ɗauke ta hoto. Gwaggo ta zauna a ƙofar ɗaki da sandarta, duk wadda ta ɗaga waya sai ta sauke. An yi guɗa, an ci waina, ƙawaye sun yi ta ƙorafin bikin da ba hoto.

Kafin magariba aka kai ta Kazaure. Cikin kayan da aka jera mata har da kwallar Gwaggo, a ɗaure yadda take.

Washegari da safe wayar Jalal ta yi ƙara. Gayyata ce zuwa taro na biyu, za a duba nasarorin da aka samu.

"Yana nan?" Ma'u ta tambaya. Ba sai ta faɗi mene ba.

Ya duba shafin, ya kife wayar a kan tabarma, ya riƙo hannunta.

"Yana nan. Ni ma ina nan."

Gwaggo ta leƙo za ta koma Roni, ta ɗora hannu a kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira."

"Amin," suka ce tare. A kan na ƙarshen, sai da Ma'u ta maimaita sau uku.