Goyon Cikin Hadiyya

"Wallahi ba inda za ni!"

Hadiyya ce ta faɗa tana dafe da ƙofar ɗakinta, cikin wata bakwai ya turo gaba, ƙafafu sun kumbura suntum.

Hajiya Larai, uwar mijinta, ta tafa hannu.

"Lallai duniya ta zo ƙarshe! Ni kike gaya wa haka a gidan ɗana? A ina kika taɓa jin an yi haihuwar fari a ɗakin miji? Yau za ki tafi Buji goyon ciki, iyayenki su ji da ke."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Likita ta ce ina da ciwon sugan masu ciki, duk sati biyu sai na je awo, kuma a asibiti zan haihu. Nan Dutse ga asibiti kusa..."

"Asibitin korona? Kullum kina sintiri can, so kike ki kwaso mana annoba ki ƙarasa ni da hawan jinina? Tara na haifa a kan tabarma, wane suga na sani?"

Munira, ƙanwar mijin, ta taɓe baki. Ita dama tun ranar ɗaurin aure take jin haushin Hadiyya, don ƙawarta ta so yayanta ya aura.

"Iyayi ne kawai, Hajiya. Tuwon gidan nan ma ta daina ci, wai sai ganye da wake, sai ka ce akuya."

Hadiyya ta juya wajen mijinta. Mu'az ɗin da ya shekara biyu yana zaryar Buji a kan babur, rana da ruwan sama, har Baffanta ya tausaya ya ba shi ita. Ga shi nan jingine da bango yana latsa waya!

"Yaya Mu'az... kana zaune fa likita ta ce in ba a kula ba, yaron zai yi girman da ba zan iya haifa ba. Ka yi magana mana!"

"Hadiyyata, sanyin idona..." Muryarsa ƙasa-ƙasa, yana satar kallon uwarsa. "Ki bi maganar Hajiya. Naƙuda na tasowa zan zo da mota, na rantse miki."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta taɓa jin tsanar wani kamar yadda ta ji tasa a lokacin ba, kuma abin haushin, tana sonsa. Ta shiga ta haɗa kayanta.

Kwana takwas da tafiyarta aka sa dokar kulle, aka tare hanyoyi. Allurar sugan da likita ta ba ta, wadda take ajiyewa a gindin randa don sanyi, ta ƙare. Innarta kuwa, baiwar Allah, ba da mugunta ba, safe da yamma sai ta dama mata fura da nono ta zuba zuma.

"Sha, 'yar nan. Zuma ai magani ce, mai ciki ba ta zama da yunwa."

Ciki ya yi ta girma, matan unguwa suna ta barka, wai tagwaye ne. Ita kuwa Hadiyya ƙishirwa da jiri sun hana ta sakat. Ta kira Mu'az ya fi a ƙirga.

"Allurata ta ƙare."

"Ki ƙara haƙuri, masoyiya. Hajiya ta ce in na fita kada na dawo mata gida da cuta."

"Tun jiya yaron bai motsa ba, Yaya Mu'az."

"Barci yake, in sha Allahu..."

Ta kashe wayar.

Wata ranar Talata da hantsi, cikin ya kai wata tara, naƙuda ta taso. Ungozoma ta yi iya yinta har la'asar, sannan ta fito tana share gumi ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Baffa ya roƙi a-kori-kurar maƙwabci, suka bi ta hanyar gonaki har Dutse. Aka wuce da ita ɗakin tiyata. Namiji ne, kilo kusan biyar, bai zo da rai ba.

Saboda annoba ba a barin kowa ya shiga wajen majinyata. Sai a kwana na biyu Mu'az ya samu ya zagayo ta bayan taga, takunkumi a fuska, idanu jajur. Shi da Baffa suka kai yaron makwancinsa tun tana cikin magagin allura.

"Hadiyya..."

Ba ta juyo ba.

"Da wa ya yi kama?"

"Da ke. Hancinki ne sak, har gashin."

Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne.

"Ban gan shi ba, Mu'az."

Tunda suke ba ta taɓa kiran sunansa gatsal haka ba.

"Na san rai na Allah ne, ban ja da ikonsa ba. Amma wata tara ina ɗauke da shi ban ga fuskarsa ba. Kai da ka kasa buɗe baki sau ɗaya saboda shi, kai ka gani."

"Ki yafe mini, don Allah, rabin raina! Hajiya ma tun jiya kuka take. Ta ce a dawo da ke gida, ita da kanta za ta dafa miki ruwan wankan jego."

Sai a lokacin Hadiyya ta juyo ta dube shi.

"Jegon wa?"

Ta ɗora da cewa:

"Ka ce mata ta huta, Innata tana da itace. In ka rubuta takardata, ka ba Baffa, yana bakin ƙofa."

Ta ɗaga hannu da ƙyar ta kira nas.

"Sista, don Allah rufe mini tagar nan."