Auta Ta Je Cirewa

Auta yarinya ce mai baki. In ta fara zuba, ko rediyo sai ya yi shiru ya saurara. Tana aji uku a firamare, babanta kuma tela ne.

Wata Asabar Baba ya tafi da ita banki. Ya tsaya gaban wata na'ura a jikin bango, ya zura kati, ya latsa lambobi. Na'urar ta yi ƙirrr, sai ga kuɗi sababbi fil.

"Baba, me ka yi?" in ji Auta.

"Cirewa na yi," in ji Baba, ya sa kuɗin a aljihu.

Auta ta riƙe baki. Ashe kuɗi a bango suke! To, me ya kai Baba wahalar taka keken ɗinki?

Ranar Litinin ƙwallon ajinsu ta fashe, ga shi ranar Juma'a za su kara da 'yan aji huɗu. Malama ta ce kowa ya kawo ɗan abin da ya samu a sayi sabuwa.

Auta ta yi zumbur ta miƙe. "Kada kowa ya kawo ko sisi! Ni zan saya. Cirewa kawai zan yi."

Aji ya kaure da tafi.

"Kin tambayi babanki?" in ji Malama.

"Ba sai an tambaya ba, Malama. Bangon a cike yake."

Ranar Laraba da aka tashi daga makaranta, Baba zai koma banki. Auta ta nace sai ta bi shi. Yana shiga layi, ita kuwa ta sulale zuwa wata taga. Ta yi ɗage, ta leƙa wata ma'aikaciya mai tabarau.

"Sannu da aiki, Anti. Cirewa na zo yi."

"Madalla, 'yammata. Kina da asusu?"

"Ina da shi mana. Na gwangwani ne, yana ƙarƙashin gado."

Matar ta danne dariya. "Nawa kika ajiye a ciki?"

"Babu komai. Na sayi alawa da su."

"A nan bankin fa, nawa kika ajiye?"

Auta ta ɓata rai. "Anti, ba ki gane ba. Ni ba ajiyewa na zo yi ba, cirewa! In naku sun ƙare, ki ɗebo mini a bango."

Mutanen layi suka fashe da dariya. Wani tsoho har hularsa ta faɗi. Kunya ta rufe Auta, ta ruga ta ɓuya a bayan Baba.

Da ya ji labarin, Baba ya nuna mata kuɗin hannunsa. Tsofaffi ne, duk sun yamutse.

"Kin ga waɗannan? Ɗinkin sati guda ne. Ajiyewa na zo yi. Abin da na ajiye shi nake cirewa. In na cire, ya ragu. In ya ƙare, bangon ko kallona ba zai yi ba."

"Wayyo, Baba, ƙwallonmu!" Hawaye suka zubo mata.

Washegari ta tsaya gaban aji. "Ku yi haƙuri. Na yi alkawarin abin da ba ni da shi."

"Yanzu da kanki za mu buga wasan?" in ji mai tsaron ragar ajinsu. Aka yi ta dariya, wasu kuma suna harararta.

Malama ta tsawatar. "Ta faɗi gaskiya, ya isa. Gobe da safe kowa ya kawo nasa."

Da yamma Auta ta share shagon Baba, ta tsince maɓallai, ta naɗe zare. Baba ya ba ta ladanta, ta jefa a gwangwani. Da safe ta juye shi, ta kai nata kason. Kuɗin suka isa cif, aka sayo ƙwallo kafin lokacin wasa.

"To, Auta, mene ne cirewa?" in ji Malama.

"Cirewa shi ne ka ɗauki naka da ka ajiye, Malama. Wanda bai ajiye ba, ko ya wuni a layi, hannu rabbana zai koma gida."

Daga ranar, Auta ba ta ƙara alkawarin abin da ba ta riƙe a hannu ba.