Tabarmar Da Kaka Ta Saƙa Don Bikina

Tun hantsi muke durƙushe a ƙofar gidan su Iakopo saurayina, ni da Baba, lulluɓe da tabarma ɗaya. Haka muke ba da haƙuri a Samoa idan laifi ya kai laifi. Ba mai ɗagowa sai masu gida sun yaye tabarmar da hannunsu. In sun ƙi, gaba ta ƙullu har jikoki.

Kuma ni na jawo!

Ƙawata Teuila, wadda ashe ita ma son Iakopo take, ta ce ta gan shi da wata a bakin teku. Kishi ya rufe min ido, na ce wa Yaya Sefo wai Iakopo ya mare ni. Yaya bai tsaya bincike ba, ya karya masa hannu da sandar tuƙa kwale-kwale.

Ga shi yau Baba, dattijon da ba a zama sai ya zauna, goshinsa na kan tsakuwa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Baba, ka yafe min..."

"Yi shiru, Lupe. Ba a magana a ƙarƙashin tabarma."

Shekara biyu Kaka ta yi tana saƙa ta, don ranar kai ni gidan nan.

Rana ta take. Na jiyo muryar mahaifiyar Iakopo daga ciki.

"Su gasu! Wa zai kamo mana kifi da hannu ɗaya?"

"Mama, tsohon nan bai yi min komai ba," in ji Iakopo.

"Ita fa?"



Sai ga takun sawu. Aka kama gefen tabarmar da hannu ɗaya, ta suɓuce, aka sake kamawa. Haske ya dalle min ido.

"Ƙarya na yi maka, Iakopo!" na faɗa da ƙarfi, don duk ƙauyen ya ji. "Ko yatsa ba ka taɓa ɗaga min ba!"

"Na sani, 'yar rigimata. Ai ina wurin."

Na kasa dariya, na kasa kallonsa.

Mahaifiyarsa ta fito ta ɗaga Baba, sannan ta naɗe tabarmar. Ta daɗe tana shafa saƙar.

"Na san gidan nan aka saƙa wa wannan. Na so in karɓe ta da guɗa." Ta harare ni. "Tashi ki shigo. Har hannunsa ya warke, ke za ki riƙa ba shi abinci a baki."