Mai Girkin Takarda

A rumfar mai littattafai ta bakin tashar Kankia suka haɗu. Zahra ta zaro littafin girki, ƙato mai jan bango, tana ta waige-waige, sai ga wani dogon saurayi ya zo neman littafin noman gyaɗa.

"Malama, riƙe shi da kyau mana, ai ba kayan sata ba ne."

Ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse. Tana shekara biyar mahaifiyarta ta rasu, daga nan sai makarantar kwana, sai kwaleji. Ga ta yau malamar firamare, amma ko tuwo ta tuƙa sai ya yi gudaji.

Sunansa Rufa'i, ɗan Kusada, malamin gona. Bai bar rumfar nan ba sai da lambarta. Kafin wata biyu kuwa, wayar Zahra ba ta hutawa.

"Zahrata, yau shafi na nawa muke? Ni dai na ɗauki aikin ɗanɗano, kuma ba ni yin ritaya."

"Shafi na arba'in, miyar taushe. Baba ya ce ta yi, sai dai ruwa kofi uku ya sha."

Da maganar aure ta yi nisa, ta ce bari ta aika wa mahaifiyarsa, Inna Haulatu, ɗanwake. Littafin ya ce kanwa cokali ɗaya, kuma tun a shafin farko ya faɗi cewa cokalin shayi yake nufi. Rawar jiki ta sa baiwar Allah ta kamfato da cokalin zuba miya. Wayyo! Ɗanwake ya isa Kusada da ɗaci kamar magani.

Sai da ta matsa wa Rufa'i ya gaya mata abin da Inna ta ce: "Mi zan gani haka? Girki a takarda? Ga Hassana ɗiyar Gajere nan, ido rufe take tuƙa tuwon mutum talatin. Ban yarda ba."

Zahra ta ci kukanta ta ƙoshi, domin tana son shi, so ba na wasa ba. Ta rubuta mashi: "Ka bi maganar Inna. Ba zan shiga tsakaninku ba." Daga nan ta daina ɗaukar wayarsa.

Bayan damina sai ga shi a ƙofar makarantarsu, ido jajir. Ya ce hawan jini ya kwantar da Inna, likita ya hana gishiri da magi. Hassana ta yi iya yinta, amma hannun da ya saba da gishiri, da aka hana shi sai miya ta fito lami.

"Kwana huɗu ke nan ba ta ci abin kirki ba, Zahra. Duk ta zube."

Zahra ta sallame shi. Tana isa gida ta buɗe can ƙarshen littafin, babin abincin marasa lafiya, wanda ba ta taɓa leƙawa ba. Daddawa a daka da citta da tafarnuwa, a soya albasa har ta yi ja, a matsa lemun tsami bayan an sauke. Ta auna komi a natse, ta dafa, ta zuba a kula, ta miƙa wa Rufa'i.

"Kada ka ce daga ni ne."

Kwana tara yana ɗaukar kular nan a mashin zuwa Kusada, tana dawowa a suɗe. Ran na goma Inna ta tsare shi da tambaya, shi kuwa bai iya yi mata ƙarya. Ta ce a zo mata da yarinyar, da littafin nata.

Zahra ta durƙusa a gefen tabarma.

"Buɗe ki karanta mani inda kika samo miyar nan."

Ta karanta. Inna ta jinjina kai.

"Ikon Allah. Ashe har da mu marasa lafiya ya sani. To mi ya ce a kan miyar kuka?"

Ta karanta wannan ma. Inna ta ja tsaki.

"Nan kam bai iya ba. Ɗauko biro ki rubuta tawa a gefe."

Tana faɗi Zahra na rubutawa, har gefen shafin ya cika. Sai tsohuwar ta kama hannunta.

"Ni uwata ta koya mani a bakin murhu. Ke ba ki samu wannan ba, kika nemi abinki a takarda, ni kuma na yi maki gori. Ki yafe mani, ɗiyata."

Tun tana shekara biyar ba wadda ta kira ta haka. Ta kifa kai a cinyar Inna ta yi ta kuka, Rufa'i na bakin ƙofa yana share nashi.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a Kankia. Da aka kawo amarya Kusada, Inna da kanta ta tarbe ta a zaure, ta dafa kanta.

"Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ku kauce ku ba ɗiyata hanya ta shigo gidansu."