Goron Tudu Daban, Goron Radiya Daban

A Gidan Aduwa, duk mai son wayarsa ta kama sai ya hau tudun Malam Almustafa. Ƙauyen yana yamma da Belbeji, tafiyar rabin awa a moto. Daga kasuwa har lakwal, wato makarantar boko, babu rezon waya ko layi ɗaya. A saman tudun ne kawai, gindin wata tsohuwar aduwa, salula ke farfaɗowa.

Can Attahir ya fara haɗuwa da wata budurwa, wata safiya bayan girbi.

Mushe ne, wato malamin boko, yana koyar da lissafi a kolej ɗin garin, shekararsa ta biyu. Ya hau da doguwar gora, ya ɗaure wayarsa a kanta, yana ɗagawa sama, yana saukewa, yana rubutu. Ita kuma tana zaune a inuwa da ƙwarya a cinya. Cikin ƙwaryar salula bakwai ne, suna kuka ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu da kiwo," ya ce.

"Yawwa, Mushe. Kai ma sannu da kaɗar aduwa. Sai dai ba ta nuna ba."

Bai yi dariya ba, amma ya sauke gorar.

"Duka naki ne?"

"Na matan unguwa ne. Mazansu na Agadas, wasu na Libiya. Kullum nakan hawo da su su sha saƙo, in mayar da su gida."

"Tudun nan na wane ne?"

"Na babana."

Ya rubuta. Sai da ya gama ya ɗago.

"Ke kuma sunanki?"

"Radiya."

Ya faɗa mata abin da yake aunawa. Wani asusun tallafi ya aiko da sanarwa ta Tanut: lakwal goma na gwamnati za su samu pano na hasken rana, anten mai kamo rezo, na'urori da intanet na shekara uku. Sharaɗi biyu ne. Na farko, idan an tashi daga aji, mutanen gari su ma su shigo su yi amfani, kuma su sa hannu cewa suna so. Na biyu, mai filin da za a kafa anten ya yarda a rubuce. Ƙarshen Afrilu za a rufe karɓar dosiye, wato takardun nema.

"To, matan nan za su huta da ƙwaryata ke nan?"

"Idan an dace."

"Kawo takardar sa hannun. Ni ke yi wa ƙungiyar iyaye mata rubutu tun da na ci jarrabawar brebe a kolej."

Cikin wata biyu ta tara dangwale ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta bi gida-gida. Ta zauna bakin rijiya ta tari makiyaya, ta yi musu bayani cewa za su ji farashin dabba na Tanut da Damagaram kafin su kora ko akuya ɗaya. Yatsarta ta yi makonni da shuɗin tawada.

Saƙonninsu kwana suke a hanya. Shi yana hawa tudu da sassafe kafin aji, ita sai hantsi. Abin da ya rubuta yau ta karanta yau, amsarta kuma sai gobe.

"Ƴar tudu, na ga dangwalen jiya. Akwai guda da ya fi kowanne kyau. Na san naki ne."

"Mai gora, na tsohuwa Hajjo ne. In kana so in kai mata gaisuwarka."

"Kai mata. Ki ce mata na fi son mai riƙe mata yatsa."

Kwana biyu babu amsa. A na uku ta zo.

"Na karanta sau huɗu. Irin wannan magana ba a kan tudu ake yinta ba. Gidanmu yana da ƙofa."

Attahir a gidan kawunsa Husaini yake zaune. Ɗan kasuwa ne, kuma shi ne shugaban kwamitin iyayen yara na lakwal. Mutum ne da ba ya son tafiya biyu inda ɗaya za ta isa. Attahir ya faɗa masa maganar Radiya, kansa a ƙasa. Kawu ya yi murna, ya sayi ƙwaryar goro, ya nemi dattawa biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko, suka tafi.

Ba su daɗe ba suka dawo. Goron yana hannun ɗaya daga cikin dattawan, a ƙulle kamar yadda ya tafi.

"Kawu, lafiya?"

"Mutumin nan wuyar sha'ani gare shi."

Dattijon ne ya ba da labari. An gaisa, an buɗe goro, Husaini ya nemi iri a madadin ɗansa. Malam Almustafa ya sunkuyar da kai kamar mai shirin amsawa. Kafin ya buɗe baki, sai Husaini ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar fili, ya ce tun da an riga an zauna, ga wata ƴar magana ta lakwal.

Malam Almustafa ya dubi takarda, ya dubi goro. Ya ce, "Husaini, goron nan na wace ce? Na ƴa ko na tudu?"

Husaini ya ce ai duka alheri ne, a haɗa.

Malam ya ja ganye ya rufe goron da hannunsa. Ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar da ke ƙarƙashin tudun nan, kuma bai taɓa jin an ba da ƴa gyara a kan fili ba.

"Kawu, me ya sa?" in ji Attahir.

"Kai ka ce Afrilu ta kusa!"

Kafin ranar kasuwa magana ta gama gari. Wanda ya fi yawo da ita Mukhtar ne, mai shagon cajin waya da injin janareta. Ya daɗe yana aika wa Radiya kiredin waya tana mayar masa, kuma ya san idan pano ya zo lakwal layin ƙofar shagonsa zai ragu.

"Mushe ya iya lissafi," yake ce wa masu jiran caji. "A auri ƴa, tudu ya biyo baya kyauta."

Da safe Attahir ya hau, saƙo ɗaya ya shigo.

"Ranar farko ka tambayi mai tudu kafin ka tambayi sunana. Ban kula ba sai jiya. Kada ka amsa."

Ya tsaya da wayar a hannu. Gaskiya ta faɗa, haka aka yi. Ya rubuta layi uku, ya goge. Ya sauka, bai sake hawa ba.

Bazara ta kankama. Kullum idan an tashi lakwal, ya ɗauki gorarsa ya hau moto, yana bin duk wani tozon rairayi da ke kewayen gari. Ya ɗaga, ya sauke, ya rubuta. Gabas babu. Kudu, wajen gonakin gero, layi ɗaya ya leƙo ya ɓace. Leɓensa ya tsage, moton ya kafe sau biyu.

A rana ta tara hanya ta biyo da shi ta rijiya. Malam Almustafa yana tsaye, raƙumi yana jan guga, shanu sun jeru a kwami. Babu hanyar kaucewa. Attahir ya kashe moto daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Barka da aiki, Baba."

"Yawwa. Me ka ɓatar a dajin nan? Kullum ina hango ka da sanda."

"Wani tudun nake nema."

"Ka samu?"

"A'a."

"Ba za ka samu ba. Shekara sittin ina kiwo a nan." Ya tura masa gugan da ƙafa. "Sha ruwa, ka tafi."

Ya sha, ya yi godiya, ya tafi. Bai ambaci takarda ba, bai ambaci Radiya ba.

Saura kwana takwas a rufe, daraktan lakwal ya tara masu sa hannu a ofis. Radiya ta zo a madadin iyaye mata. Ba ta dubi Attahir ba. Ta ja dosiyen tana buɗawa shafi-shafi, yadda ta saba. Ta wuce dangwalenta. A shafin fili babu kome. Bayansa akwai jerin wurare tara da rubutun hannunsa, kowanne da sifili a gabansa. A shafin mai kula da ɗakin intanet, aikin da ke da ɗan alawus, an ja layi a kan sunansa, an rubuta na wata malama, Madam Aminatu.

Wani ya yi sallama da darakta, ya fita. Suka rage su biyu, ƙofa a buɗe.

"Wa ya soke sunanka?"

"Ni."

"Shafin fili fa? Ka san ba za su karɓa haka ba."

"Na sani. Ba zan ƙara aika kowa gidanku kan tudu ba."

"Mata ɗari biyu na bi da tawada, Mushe."

"Na sani. Shi ya sa na yi yawon nan. Ban samu ba. Abin da kika rubuto gaskiya ne. Tudu ya kai ni can. Amma tun mako na biyu na gama awo. Sauran hawan da na yi, ba na aiki ba ne."

Ta dubi alƙalamin hannunta.

"Ka rame."

"Rana ce."

"Ka riƙa ɗaura rawani. Ba a shiga dajinmu da hular ƴan birni."

Ta sa hannu ta fita.

Abin da ta faɗa wa mahaifinta, Attahir bai ji ba sai bayan aure. Cewa ta yi, "Baba, ka hana shi ni, wannan ikonka ne. Amma Hajjo me ta yi, da ɗanta ke Libiya ƙafarta kuma ba ta hawa tudu?" Malam ya ci gaba da tufkar igiya.

Ranar Litinin saƙo ya zo wa Kawu Husaini. A kawo goron tudu ranar Laraba, gaban mai gari. Kada Mushe ya zo. Kada a ambaci sunan ƴar kowa.

Aka yi haka. Malam Almustafa ya dangwala, ya ce ya ba lakwal da gari saman tudun, banda aduwar, kada a taɓa ta. Aka raba goro, aka yi fatiha. Washegari darakta ya hau motar Tanut da dosiye a ƙirji.

Ranar Larabar kuwa, Kawu ya dawo gida yana fara'a.

"To, babbar ta faɗi. Maganar yarinya a bari ƙura ta lafa, sai bayan damina."

"Juma'ar nan, Kawu."

"Jibi fa ke nan!"

"Na sayi goron. Yana ɗaki."

Wannan karon dattawa huɗu suka tafi. Da suka zauna, kafin a kwance ganye, Malam Almustafa ya ɗaga hannu.

"Husaini, zazzage aljihunka."

Kawu ya miƙe a gaban mutane ya juye aljihun dama da na hagu. Carbi ne, da makullin shago, da asuwaki. Aka yi ta dariya har mata suka jiyo daga cikin gida.

"Yanzu faɗi abin da ya kawo ka."

Ya faɗa, a taƙaice.

Malam ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare. Ya ce, "Na ba da tudu ranar Laraba don in ga ko wani zai dawo ranar Juma'a. Ya dawo. Na ba shi. Allah ya sa albarka."

Da la'asar Attahir ya hau tudu, karon farko cikin wata guda. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

"Mai gora, an ce goro ya ɓaru. Ina rawanin?"

"Yana kaina, ƴar tudu. Ban iya naɗi ba."

Amsar Tanut ta zo cikin damina. Gidan Aduwa ita ce ta takwas a cikin goma. Bayan girbi masu aiki suka kafa anten taku ashirin daga aduwar, suka jera pano a rufin aji. Madam Aminatu ta riƙe makulli. Da yamma mata kan cika ɗakin, makiyaya su jingina sanduna a ƙofa. Hajjo ta ga fuskar ɗanta a allo, ta yi ta shafa gilashin da tafin hannu. Mukhtar ya rage farashin caji, ya fara sayar da ruwan sanyi a ƙofar lakwal.

A makon da aka kafa anten aka ɗaura aure a ƙofar Malam Almustafa. Mutane sun zo daga Belbeji da Ollelewa, wasu a moto, wasu a raƙumi. Liman ya yi addu'a, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka shafa. Ƙwaryar salula kuwa innar Radiya ta wanke ta, ta sa a cikin jeren amarya.

Bayan kwana bakwai, da hantsi, suka hau tudu tare. Babu abin da za su nema a can, rezo yana har cikin ɗakinsu. Suka zauna gindin aduwa.

Attahir ya dube ta.

"Baiwar Allah, yaya sunanki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ka makara da shekara guda, Mushe."

"Duk da haka."

"Radiya."

"Allah ya bar mu tare, Radiya."

"Amin. Ba za ka tambayi mai tudun ba?"

"A'a."