Ƙwaryar Bayan Katanga

Kofur Lukuman ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa juya wa wani abu baya ba, mutum ne ko aljan. Ya faɗi haka wata Juma'a da la'asar, a tsakar gidansu da ke Gwandu, yana kishingiɗe a kan tabarma, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yayarsa Kubura na tsince shinkafa, taubashinsa Sirajuddeen tela kuwa ya tallafe haɓa yana sauraro.

"Aljanar Kalgo ma da bel na kore ta," in ji Lukuman. "Wannan bel ɗin da kuke gani. Sau uku na zabga mata, ta kwarma ihu kamar akuya."

To, a bar shi da bel ɗinsa tukuna, a koma Kalgo a ga yadda aka yi.

Lukuman ya je aikin kiyaye zaman lafiya ƙasar Gambiya, ya dawo da mata da ɗiya. Matar sunanta Kumba, Bafulatana ce ta bakin teku. Ɗiyar kuwa Halimatusa'adiya, wata ashirin da haihuwa, sunan ya fi ta tsawo, shi ya sa ake ce mata Hali. Da aka turo shi aiki yankin Kalgo bai sami ɗaki a bariki ba, sai ya kama haya a gidan ƙarshe na gari, inda hanya ke shiga gonaki. Ciki da falo, rijiya, da darbejiya ɗaya a tsakar gida.

Ranar da ya karɓi makulli, tsohon mai gidan ya ja shi gefe.

"Soja, bayan katangar gabas kango ne. Ba kowa ciki tun ina yaro. Ka gaya wa iyalinka, in an miƙo wani abu daga can, kada a karɓa."

Lukuman ya yi dariya har yana dafa kafaɗar tsoho. Bai gaya wa Kumba komai ba. Ina soja ina tatsuniyar tsofaffi?

Kumba kuwa ta sha wuya. Ba ta jin Hausa, su biyun ma da Turanci suke magana, haɗe da ɗan Fulatancin da Lukuman ya tsinta a Gwandu yana yaro. In ta je kasuwa sai nuni da yatsa, mata na dariya a bayanta. Ta nemi ɗanyen kifin teku ta rasa. Tuwon gero ya ƙi ta, ita ma ta ƙi shi. Zafi ya fesa wa Hali ƙuraje a wuya. Shi kuwa maigidan sai ya yi kwana huɗu, biyar, a shingen bincike, ya dawo ya cire takalmi ya hau minshari. Duk hirar da suke yi faɗa ne.

"Ka ɗauko ni daga gaban uwata ka ajiye ni kamar buhu," in ji ta.

"Aiki ne. Ko so kike in goya ki in tafi da ke bakin shinge?"

Haka aka yi wata uku.

Ran nan gab da magariba ya dawo a kan babur, da ƙullin busasshen kifi da ya sayo mata a kasuwar Kalgo, yana jin kansa kamar wanda ya kawo bijimin sa. Ya jingine babur, ya shiga. Sai ya tarar da Hali zaune a kan tabarma, baki da kumatu duk fura, gabanta wata ƙwarya fara tas, mai zane a baki, irin zanen da ba a yi yanzu. Ƙanshin nono ya cika gidan.

"Wannan fa daga ina?"

"Maƙwabciya," in ji Kumba, ba ta ko ɗago ba. "Kullum warhaka take miƙo mana. Ni kuma in sa mata shinkafa, ko sukari, ko sabulu, in mayar. Yau ba komai a gidan, kai nake jira. Kawo kifin in sa mata."

"Wace maƙwabciya?"

Ta nuna katangar gabas.

Lukuman ya dubi katangar. Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki ya faɗi abin da tsoho ya gaya masa. Amma in ya faɗa, sai Kumba ta tambaye shi dalilin ɓoyewar wata uku. Sai ya ga rigima ta fi sauƙi.

"Wato yawo kike da ni a gari? A ce iyalin soja sai an ciyar da su ta kan katanga?"

"Ita kaɗai ce ta taɓa tambayata yaya na kwana a garin nan."

"Kin taɓa ganin fuskarta?"

"Hannunta nake gani. Ya fi naka zuwa gidan nan."

Wannan magana ta shige shi. Ya fizgi ƙwaryar, ya kifar da sauran furar a ƙasa. Hali ta fashe da kuka. Kumba ta miƙe tsaye, idonta ya kaɗa.

"Kofur, ajiye ta. A garinmu ba a mayar da ƙwarya ba komai ciki. Na tabbata a naku ma haka ne."

"Yau an fara."

Ya wurga ta ta kan katanga da iyakar ƙarfinsa.

Suka tsaya suna jiran su ji faɗuwarta. Ba su ji ba.

Kumba ta juyo kansa da masifa, rabi Turanci, rabi wani yare da bai taɓa ji a bakinta ba. Shi ma ya ɗaga murya. Ya lissafa mata wahalar da yake sha a rana, ta lissafa masa daren da ta yi tana fifita yarinya ita kaɗai. Suna cikin haka sai ya lura muryarsu kaɗai ake ji. Kajin da ke hawa darbejiya sun yi tsit. Tsuntsaye sun yi tsit. An fara kiran sallar magariba a masallacin bakin hanya, amma kiran na zuwa can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

Hali ma ta daina kuka.

Ƙanshin nono ya juya. Ya koma warin tsohon hayaƙi da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai ƙarar awarwaro. Kacau. Kacau.

Suka waiwaya tare. Tabarma ba kowa.

Ƙwaryar tana gindin katanga, ta ɓangarensu, a zaune daram. Ta yi girma, ta kai bahon wanka. Hali na zaune a cikinta, ta kama baki da hannu biyu, tana kallon sama tana dariya.

"Maama," in ji ta, wato kaka da Fulatanci. "Maama."

Wani hannu ya sauko ta kan katanga. Siriri, baƙi, cike da awarwaron tagulla da suka yi kore. Katangar ta fi Lukuman tsawo, amma hannun ya ci gaba da saukowa. Ya lanƙwashe a gwiwa. Ya ƙara saukowa. Ya sake lanƙwashewa a wata gwiwar.

Yatsun suka kama bakin ƙwarya.

Murya ta zo, ta tsohuwa, a hankali, kamar a bayan kunnensa take.

"An mayar mini ba komai. Na zaɓi abin sawa da kaina."

A nan dai gaskiya ne Lukuman ya kai hannu ga bel ɗinsa. Har ya kwance shi. Ya buɗe baki zai ja Ayatul Kursiyyu, sai ya ji lambar aikinsa yake karantawa. Daga nan bai san yadda aka yi ba. Ƙafafunsa ne suka yanke shawara ba su tuntuɓe shi ba. Ya dai farga ya gan shi a reshe na uku na darbejiya, tsakanin kaji, hannu ɗaya riƙe da reshe, ɗaya riƙe da wando.

Daga can sama ya ga bayan katanga.

Ba ɗaki. Ba murhu. Ciyawa ce har ƙirji, da wata tsohuwar rijiya da bakinta ya rufta. Daga cikin rijiyar hannun ya fito, ya ratso ciyawa, ya hau katanga.

Ƙwaryar ta fara tashi daga ƙasa.

Kumba ba ta yi ihu ba. Ta taka ta isa, ta kama ɗaya gefen ƙwaryar da hannu biyu. Aka ja ta har ƙafafunta suka bar sawu biyu a ƙasa. Ta saki hannu ɗaya ta cafi damtsen Hali ta ja. Yarinyar ba ta motsa ba, kamar an dasa ta.

Ƙwaryar ta kai ƙugunta. Ta kai ƙirjinta.

Sai Kumba ta fara magana da Fulatanci, cikin raɗa, haƙora a cije. Lukuman ya tsinci abin da ya tsinta.

"Maama, ji nan. Ni na karɓi abincinki, ba ita ta karɓa ba. Wata uku ban taɓa kunyata ki ba. Don wani sakarai ya yi miki rashin kunya sai ki ɗauke mini ita? Ita kaɗai gare ni a ƙasar nan. Ita kaɗai."

Awarwaro suka yi kacau. Ƙwaryar ta tsaya, amma ba ta sauko ba.

"Ba a mayarwa ba komai," in ji muryar.

Kifin na can ƙofar ɗaki, taku goma. In ta saki, shi ke nan. Ta ɗaga kai ta dubi darbejiya.

"Kofur. Miƙo kifin."

Ya ji ta sarai. Hannunsa ya ƙi sakin reshe.

Kallon da ta yi masa a lokacin ya fi hannun ban tsoro.

Ƙwaryar ta kai wuyanta. Kan Hali ya riga ya daidaita da kan katanga.

Sai Kumba ta rinjayo bakin ƙwaryar ƙasa ta maƙale shi a hammata, ta yaye rigarta da ɗaya hannun. Ba ta yaye Hali ba tukuna. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta tatsa nononta a ciki.

A cikin wannan shiru, Lukuman ya ji saukar kowane ɗigo.

"Nono kika ba ni," in ji Kumba. "Ga nono. Mun rabu lafiya."



Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Hali ta faɗo a ƙirjin uwarta, ta tsala kuka irin na 'ya'yan mutane. Ƙwaryar ta koma ƙarama, ta haye katanga. Hannun ya janye ta cikin ciyawa, gwiwa bayan gwiwa. Da ya kai bakin rijiya sai ya dakata. Yatsa ɗaya ya miƙe, ya nuna darbejiya, ya daɗe a haka. Sannan ya nutse.

Kiran salla ya dawo da ƙarfinsa, kaji suka hau kyarkyara. Kumba ta shige ɗaki da ɗiyarta ta danna sakata. Lukuman ya sauko da kansa, ba wanda ya ce masa sauko.

Washegari suka kwashe kaya suka koma Gwandu, gidan su Lukuman. Tun ranar nonon Kumba ya ƙafe ƙaf, Hali ta yaye kanta. Har yau yarinyar ba ta shan fura, in ta ga farar ƙwarya sai ta ɓoye fuska a zanen uwarta. Kumba ba ta ba kowa labari ba. Mutanen gida sun ɗauka rashin Hausa ne.

Shi ya sa ranar Juma'ar nan Lukuman ya sami fili ya baje kolinsa.

"Na ce mata, ke, kin san ko ni wane ne? Na taka hannun da takalmin but, na fizgo ɗiyata da hannun hagu. Ita kuwa madam tana bayana tana ta makyarkyata."

"Taubashi," in ji Sirajuddeen, "da ka cire bel ɗin, mi ya riƙe wandon?"

"Kai dai tela ne, ba ka san komai ba sai wando."

Kumba ta fito daga madafa da tire a hannu, Hali na riƙe da gefen zanenta. Ta dire tiren a gaban mijinta har cokali ya yi tsalle. Sannan ta buɗe baki da Hausa, irin ta tsofaffin matan ƙauye.

"Ƙarya kaka yi. Bisa icce kat tahi, kai da kaji. Nic ce ka miƙo man kihi, kak kasa."

Shinkafa ta zube daga hannun Kubura. Sirajuddeen ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Lukuman ya tashi zaune.

"Ke amarya," in ji Kubura, "yaushe kika iya Hausa? Wannan ai irin ta kakarmu ce. Wa ya koya miki?"

Kumba ta saɓa Hali a kafaɗa, ta dubi mijinta ido cikin ido.

"Wadda yac ce ya kora da bel. Wata ukku muna hira ta bisa katanga, Yaya. Ta hi shi zama gida."