Ledar da Ya Yaye

Ranar da ya fara ganinta, buhun ƙasa ne a kafaɗarsa, ita kuma tana tsugune gaban wasu 'yan tumatir da aka lulluɓe da farar leda, tana yi musu magana kamar masu ji.

Sana'arsa rainon furanni a bakin titin bayan jami'a, kuma shi ke kawo tukwane da ƙasa ɗakin gilashin da ɗalibai ke shuke-shuken bincike. Ya sauke buhun, ya leƙa ta saman kafaɗarta.

"Malama, waɗannan 'ya'yan naki ba su da lafiya. Ganyen ko sheƙi babu."

Ta ɗago tana dariya. "Ni na mai da su haka. Akwai wani ɗan furotin a jikin shuka, aikinsa dako. Shi ke ɗauko maiƙo daga ciki ya kai bayan ganye, a shafe shi da siririn kakin da ke hana ruwa tserewa. Waɗannan na cire musu shi don in ga yadda za su yi. Ko 'ya'ya da ƙyar suke yi, saboda ƙurar furensu ma sai da shi take ƙwari."

Ya yi ta gyaɗa kai kamar wani farfesa. Gaskiyar magana, rabin bayanin ta bayan kunnensa ya wuce, domin idanunta yake kallo.

Daga ranan ƙasa ta riƙa ƙarewa a ɗakin gilashi da saurin da ba a taɓa gani ba. Ya sa mata suna Likitar Ganye, ita kuma tana kiransa Mai Furanni.

"Likitar Ganye, yau ma zuciyata ta yi yaushi. Ko ni ma an cire min ɗan dakon nan ne?" ya rubuta mata wata safiya.

"Kai surutu ne ya yi maka yawa. Ka zo da tukwane shida, ka taho min da murmushin nan naka."

Babanta tsohon malamin makaranta ne, mai fama da ciwon zuciya da kuma taurin kai. Da ya ji labarin soyayyarsu sai ya haɗe fuska. Yana da ɗan amininsa mai kantin magani, mai mota, wanda ya daɗe yana zaryar neman aurenta a gidan. Ita ko ta kafe. Mama ta yi ta lallashi har Baba ya sa aka kira Mai Furanni falo.

"Yaro, ban raina sana'arka ba," in ji shi. "Amma 'yata ba za ta shiga ɗakin kowa ba sai na ga digirinta na biyu a hannuna. Ta gama bana, a ɗaura bana. Ina so in ga duka biyun da idona."

"Na amince, Baba," ya ce, bakinsa har kunne.

Abin da ya rage mata kaɗan ne: tumatir ɗin su ba da iri, ta yi awon ƙarshe, ta rubuta. Sai jikin Baba ya tashi, aka kwantar da shi asibiti, ta tare a can. Ta turo saƙo:

"Masoyina, in ka kai ƙasa ka leƙa min 'ya'yana. Leƙawa kawai."

Ya je da tsakar rana. Ɗakin ya ɗauki zafi, ledar ta yi gumi, ruwa na ɗiga kan ganye. Duk mai rainon shuka ya san abin da hakan ke jawowa, ruɓewa ce. Shekara da shekaru hannunsa ya saba, har yakan riga kansa aiki. Ya yaye ledar, ya jera tukwanen kusa da taga su sha iska, ya fita yana jin daɗin ya kyauta mata.

Shukar da ba ta da kaki ba ta riƙe ruwa. Kafin ta dawo, ganyen sun bushe ƙayau, ko ƙwayar iri ɗaya ba su bari ba.

Ta kira shi tana kuka. Ta ce ta san wanda ya yi, wani abokin karatunta ne da suka daɗe suna rigima kan wurin ajiye tukwane, kuma har ta kai ƙararsa wajen farfesa. Mai Furanni ya ajiye wayar. Ya wuni yana ban ruwa ba tare da ya san abin da yake shayarwa ba. Da yamma ya rubuta:

"Ki janye ƙarar nan. Ni na yaye ledar. Kin faɗa min tun ranar farko, ban saurara ba. Ba ni da bakin ba ki haƙuri, amma ki yi haƙuri."

Amsa ba ta zo ba. Ya kira, ba a ɗaga ba. Motar mai kantin magani ta koma fakin a ƙofar gidansu, Mai Furanni kuwa ya rame har abokan sana'arsa suka daina tsokanarsa.

Baba ne da kansa ya aika a kira shi, bayan an sallamo shi daga asibiti.

"Ka yi wauta," ya ce, "amma ba ka bar wani ya ɗauki laifinka ba. Wancan mai motar na sallame shi. Sharaɗina dai yana nan. Ta sake daga farko, zan jira."

Tana tsaye bakin labule, idanunta jawur. Da ya zo fita ta ce a hankali, "Gobe ka kawo min ƙasa, Mai Furanni."

Sake samar da irin waɗannan tsirrai ba aikin wata ɗaya ba ne, sai da ya ci fiye da shekara. Sau biyu Mama ta roƙi Baba ya sassauta a ɗaura auren, ya ce shi ba ya magana biyu, kuma garau yake jin kansa. Ana gab da ta kare bincikenta gaban malamai, wata safiya Baba ya zauna karin kumallo, bai tashi ba, rai ya yi halinsa.

Ta karɓi digirin. Ƙanen Baba ne ya bayar da aurenta.

Da aka watse, Mama ta kama hannayensu biyu ta haɗa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Babanku ya tafi yana son wannan auren, ku riƙe shi da kyau."

Suka amsa da amin. Da Mama ta fita, ya dubi amaryarsa cikin farin ciki da nadama.

"Da ban taɓa ledar nan ba, da yau yana zaune a..."

"Kwanansa ne ya ƙare," ta katse shi. "Na yafe maka tuntuni, mijina, kuma ina son ka. Amma yau kada ka ce in daina kuka."

Bai ce ba. Ya matso kusa, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ya bar ta ta yi kukanta har ta gaji.